Ciwon baya: kwanciya ce magani ko motsi?

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce ciwon ƙasan baya, wanda wasu ke kira ciwon ƙugu ko kwankwaso, shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane gudanar da harkokinsu na yau da kullum.

Alƙaluman hukumar sun nuna cewa mutane miliyan 619 ne suka yi fama da shi a shekarar 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050.

Sai dai bincike ya nuna cewa da dama daga cikin abubuwan da aka saba yi wa mai ciwon baya, kamar doguwar kwanciya da ɗaura bel da gaggawar ɗaukar hoto, ba su da amfanin da ake zato.

Aiki bisa hujja

A ƙasar Hausa an fi sanin likitocin fisiyo da sunan likitocin gashi, kuma akan je wurinsu da tsammanin za a kwantar da mutum a gasa masa baya da na'ura.

Amma yanzu sana'ar ta karkata ga abin da ake kira aiki bisa hujja, watau kada a riƙe wata hanyar jinya don kawai an gaje ta, sai an gwada ta.

Yadda ake gwajin shi ne a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kowane rukuni jinya daban, sannan a kwatanta sakamakon.

Irin wannan gwaji aka yi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, aka kuma wallafa shi a 1995. An gano cewa waɗanda suka ci gaba da harkokinsu gwargwadon iyawa sun fi saurin murmurewa a kan waɗanda aka umarta su kwanta na kwana biyu.

Masana sun ce doguwar kwanciya na raunana tsoka, tana sa gaɓoɓi su sandare, tana kuma ƙara wa mutum tsoron motsi.

Abin da hoto ke nunawa

A cewar WHO, kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ba a iya danganta ciwonsu da wata cuta takamaimai ko wani lahani a ƙashi. Galibi kuma sabon ciwo kan lafa sosai cikin makonni shida.

Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya duba hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwo ko kaɗan.

An samu cewa kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da bullowar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, yayin da adadin ya kai kashi 84 a tsakanin 'yan shekara 80.

Ma'ana, yawancin abin da hoton MRI ke nunawa alamar shekaru ce kamar furfura, ba lallai ne shi ke haddasa ciwon ba.

Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a 2016 kada a riƙa ɗaukar hoto ga duk wanda ya zo da ciwon baya, sai idan sakamakon zai sauya irin jinyar da za a yi.

Ga iyalin da ke biyan kuɗin asibiti daga aljihunsu, hoton da ba a buƙata asara ce biyu: kuɗi ya tafi, ga kuma fargabar cewa baya ya lalace.

Abin da aka amince da shi

A watan Disambar 2023 ne WHO ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan ciwon bayan da ya wuce wata uku ba tare da wata cuta ta haddasa shi ba.

Ta ba da shawarar a wayar wa mara lafiya kai game da ciwonsa, a tsara masa motsa jiki, a kuma taimaka masa wajen shawo kan tsoro da damuwa. Tausa ma na iya shiga cikin jinyar.

A ɗaya ɓangaren kuma ta lissafa hanyoyi 14 da ta ce kada a riƙa amfani da su ga akasarin mutane. Cikinsu akwai bel ɗin ɗaure ƙugu, da jan baya da na'ura, da magunguna masu ƙarfi na rukunin da tramadol ke ciki.

Wani gwaji da aka yi a Ostareliya, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2023, ya nuna cewa bayan mako shida, wani magani na wannan rukuni bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage sabon ciwon baya ko wuya ba. Ga kuma haɗarin kamuwa da jarabar shan sa.

Magunguna irin su ibuprofen na iya taimakawa na ɗan lokaci, amma masu gyambon ciki ko ciwon ƙoda da mata masu juna biyu sai sun nemi shawarar likita.

Ɗumama baya ma yakan kawo sauƙi na ɗan lokaci, musamman a farkon ciwo, amma bai isa ya zama jinya shi kaɗai ba.

Tafiya a ƙasa

Babbar matsalar ciwon baya ita ce yawan dawowa, kuma a nan ma motsi ya nuna amfaninsa.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Macquarie da ke birnin Sydney sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mutane 701 da suka warke daga ciwon ba da jimawa ba.

Waɗanda likitan fisiyo ya tsara wa tafiya a ƙasa, ana ƙara ta sannu a hankali, tare da wayar musu da kai, sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya sake hana su aiki. Sauran kuwa kwana 112 ne.

Wannan jinya ce da manomi da direba da tela da ma'aikacin ofis duk za su iya yi ba tare da sayen wata na'ura ba.

Lokacin da ba a jira

Duk da haka akwai alamomin da ke buƙatar zuwa asibiti nan take.

Sun haɗa da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsarin, da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, da raunin ƙafafu da ke ƙaruwa.

Haka nan ciwon da ya biyo bayan haɗari ko faɗuwa, ko wanda ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka na iya kama ƙashin baya, kuma cutar ta yawaita a Najeriya.

Aikin farko na likitan fisiyo shi ne ya tabbatar babu waɗannan alamomi, ta hanyar tambayoyi da duba jiki.

Idan babu su, mara lafiya na da haƙƙin ya tambaya: wane motsa jiki zan riƙa yi a gida, sau nawa a mako, kuma yaushe zan koma bakin aikina?