Ko Kun Sani?

Wutsiyar tauraruwa mai wutsiya ba koyaushe take binta a baya ba. Idan ta juya tana nesanta daga rana, wutsiyar ce ke shige mata gaba. Ita tauraruwar dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura. Zafin rana ke fitar mata da tururi, haske da iskar rana kuma su tura shi nesa da ranar, ya zama wutsiya. Haka tauraruwa mai wutsiya Tsuchinshan-ATLAS ta yi: ta kusanci rana da kilomita miliyan 58 a ranar 27 ga Satumban 2024. A tsakiyar Oktoban 2024, wanda ya dubi yamma daga unguwar Jekadafari bayan Magariba, in sama ta yi garau, yana iya hango ta, wutsiyarta a miƙe sama.