Filafilin Kayak Ya Ƙi Rabuwa? Ga Dalili, Ga Magani

Duk wanda ya saba ratsa gadar Houphouët-Boigny daga Treichville zuwa Plateau ya san abin da ke yawo a tabkin Ebrié: jiragen fasinja na SOTRA, da pinas, da kwalekwalen masunta. Jefi-jefi kuma akan hango wani ɗan siririn jirgi mai cin mutum ɗaya ko biyu, matuƙinsa na zaune yana kaɗa filafili mai baki biyu, dama da hagu. Shi ne kayak. Asalinsa na mafarautan Inuit ne, can ƙasashen ƙanƙara, amma ba baƙo ba ne a nan, domin 'yan Côte d'Ivoire sun shiga tseren ƙananan jirage a wasannin Olamfik tun na Meziko a 1968.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Bahaushe? Akwai ruwansa kuwa. 'Yan'uwanmu masu gadi da masu aiki a gidajen bakin ruwa su ake bar wa kayan nan su wanke su adana. In abu ya lalace a hannunsu, sau da yawa albashinsu ke biya. Haka nan dillalinmu na Adjamé mai sayen kayan gwanjo, in irin wannan filafili ya faɗo masa a cije, ko dai ya sayar da shi a wulaƙance ko ya karya shi garin gyara.

Filafilin kayak ya haura mita 2, shi ya sa ake ƙera da yawansu gida biyu don sauƙin ɗauka. Bututu ne ke shiga cikin bututu, ga ɗan maɓalli da ke leƙowa ta huda ya riƙe su. An yi mahaɗar cif-cif don kada ta yi girgiɗi, saboda haka 'yan ƙwayoyin yashi kaɗan sun isa su kulle ta.

Babban mai laifin dai gishiri ne, kuma yana da tarihi. A 1950 aka buɗe mashigin Vridi, mai tsawon kilomita 2.7, don manyan jirage su shigo tashar Abidjan. Tun daga nan ruwan teku ke kutsowa cikin tabkin, Treichville kuwa tana kan hanyarsa. Litar ruwan teku ɗaya na ɗauke da gishiri kamar giram 35. Da rani, daga Janairu zuwa Afrilu, ruwan gabanmu ya fi zartsi. Sai ruwan sama ya sauka, kogin Comoé ya kawo, sannan ya yi sauƙi. Wannan ruwa ne ke shiga mahaɗa. In an jingine filafili a haɗe, ruwan ya bushe, gishirin ya daskare a ciki kamar siminti. In na alminiyam ne, ga wata farar tsatsa da ke tasowa ta ƙara cike gurbin, musamman kusa da maɓallin ƙarfe.

To, in ya riga ya cije fa? Abin da gishiri ya ɗaure, ruwan daɗi ke kwancewa. A tsoma mahaɗar cikin ruwan famfo mai ɗumi da ɗan sabulu, a bar ta ta kwana. Ba wasa muke ba, kwana guda. Mai gaggawa shi ke asara a nan. In da farar tsatsa, a ɗiga ruwan lemun tsami a bakin mahaɗar da hudar maɓallin, a jira, a ɗauraye. Sannan a danna maɓallin ya shige, a naɗe shi da salatif don kada ya dawo. Mutum biyu su kama, kowa kusa da mahaɗar, su ja a miƙe suna ɗan murzawa. In hannu na santsi, a yanko robar tsohon tayar keke a naɗa.

Wanda yake shi kaɗai ma yana da dabara. Ya durƙusa kaɗan, ya sa filafilin a bayan gwiwoyinsa, mahaɗar tana tsakiya, ya riƙe kowane ɓangare ta wajen gwiwa, sai ya buɗa ƙafafunsa sannu a hankali. Cinya ta fi damtse ƙarfi, kuma jan yakan tafi daidai ba karkata. In duk wannan bai yi ba, a kwarara ruwan zafi a bututun waje don ya ɗan buɗe, a ɗora ƙanƙara a na ciki, a sake ja nan take kafin zafin ya ratsa.

Mun san halin mutanenmu, da abu ya gagara sai a nufi wurin makaniki. A nan kam ba mu ba da wannan shawara ba. Filaya da guduma sukan lotsa bututun, wanda ya lotse kuwa ya gama aiki. Na zaren gilas ko na kabon tsagewa yake yi, wuta kuma ƙona shi za ta yi. Kada kuma a kama ta faffaɗan bakin a murɗa da ƙarfi, bakin ne zai kwance ya bar mahaɗar yadda take.

Bayan ya rabu, a wanke ciki da waje da tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa. In har yanzu yana shiga da ƙyar, a ɗan goga sanfefa mai laushi, ana yi ana gwadawa, don abin da aka kankare ba ya dawowa. Giris da baƙin mai kuwa a bar wa mota. Ranar farko za a ji daɗinsu, daga baya su tattaro yashi su haɗa kwaɓin da ya fi na da.

Kullum aka fito daga ruwa, a raba shi nan take tun yana jiƙe, a ɗauraye da ruwan famfo, a ajiye shi gida biyu. Kada bakin mahaɗar ya taɓa ƙasa a gaɓar ruwa. Mai saye a Adjamé kuma ya sa a raba masa a haɗa a gabansa kafin ya taya. In dillali ya ce ai haka aka ƙera shi guda, ya duba tsakiyar sandan: in da maɓalli, gida biyu ne.