Cutar da ke Ɓuya: Yadda Ake Gano Aibin Shirin Kwamfuta Mai Zare da Yawa

A cikin kowace kwamfuta akwai shirye-shiryen da ke aiki a bayan fage, ba tare da mai amfani da ita ya gan su ba. Sau da yawa akan raba irin wannan shiri zuwa ƙananan ma'aikata, waɗanda masana ke kira zare, suna gudana lokaci guda, suna ɗiba daga rumbun bayanai ɗaya. Kowane zare yana iya zama lafiya lau, amma shirin ya riƙa mutuwa jefi-jefi, domin aibin yana cikin wa ya riga wa.

Mu ɗauki misalin gida a Unguwar Rimi mai rijiya ɗaya da guga ɗaya. Yaro ya ɗauki gugan, sai yayansa ya tsare shi da dogon aike, alhali maigida yana jiran ruwan alwala. Ga shi ɗa ya tsayar da uba ba da saninsa ba.

Haka ya faru da kumbon Pathfinder na Amurka, wanda ya sauka a duniyar Mas ranar 4 ga Yuli, 1997. Bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta riƙa kashe kanta tana tashi. Zaren auna yanayi, mai ƙaramin matsayi, yana riƙe da mabuɗin rumbu, sai zare mai matsakaicin matsayi ya hana shi motsi, babban zare kuwa yana jiran mabuɗin. Da jiran ya wuce kima, sai agogon gadi ya sake tayar da na'urar.

Injiniyoyin cibiyar JPL ta Kalifoniya ba su tsaya ƙirdado ba. Sun kunna tagwayen na'urar a ɗakin gwaji, suka sa ta rubuta motsin kowane zare da lokacinsa, har cutar ta bayyana kafin awa 18. Maganin da suka aika shi ne a ara wa mai riƙe da mabuɗi matsayin wanda ke jiransa, ya gama ya saki.

Abin lura, an taɓa ganin wannan tangarɗa tun kafin kumbon ya sauka, amma da ta ƙi maimaituwa aka wuce ta. Ke nan, mai kashe na'ura ya kunna ba tare da ajiye tarihin motsinta ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.