Girgizar ƙasa da inshorar gidan haya a Birnin Gwari: gaskiya da jita-jita

Maganar da aka fi ji a bakin masu gidaje ita ce wai ƙasa ba ta girgiza a Najeriya. Wannan ba gaskiya ba ne. A watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, bangaye suka tsage, mutane suka kwana a waje. A Satumban 2018 aka sake jin irinta a Mpape da ke Abuja. Yankin Birnin Gwari kansa yana kusa da tsohuwar tsagar dutse da masana ke kira ta Kalangai da Zungeru. Abin da ke gaskiya cikin zancen shi ne motsin da ake samu a nan ƙarami ne, bai kai ko kusa da wanda ya rusa garuruwan Turkiyya a 2023 ba.

Ana kuma cewa inshora sai attajirin Kaduna mai bene. Wannan ma ba haka ba ne. Tun 2003 dokar inshora ta wajabta a yi wa duk ginin da jama'a ke shiga inshorar rushewa, gobara, girgizar ƙasa, guguwa da ambaliya, kuma gidan haya, shaguna da makarantu duk suna ciki. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Manufar wannan inshora ita ce biyan diyyar wanda ginin ya raunata, ko ya kashe, ko ya ɓata wa dukiya, idan alhakin ya hau kan mai gida. Sake gina gidan lamari ne daban: sai an sayi inshorar gobara, an tabbatar an rubuta girgizar ƙasa a cikin takardar. Haka ma ɗan hayan da ya jibge buhunan masara a ɗaki, kada ya ɗauka takardar mai gida ta rufe kayansa. Sai ya yi tasa.

Akwai wani abu da ya fi girgiza damun mutumin da ke zaune a gefen dajin Kamuku. Gidan da 'yan bindiga suka ƙona, kamfanoni sukan sa shi cikin asarar ta'addanci, wadda inshorar gobara ta yau da kullum ba ta biya sai an ƙara ta musamman. Zaftarewar ƙasa saboda ramukan haƙar zinariya ma ba a lissafa ta a matsayin girgizar ƙasa.

Masu gudun inshora saboda riba da garari suna da mafita. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ko ta wace hanya aka bi, sharuɗɗan da ke rubuce ne ake biya a kansu, don haka mai gida ya sa a karanta masa su kafin ya sa hannu.