Likitocinmu da suka yi karatu waje: me ke riƙe su a bakin aiki bayan sun dawo gida?

A kasuwannin bakin iyaka, daga Ƙwanni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya da Maigatari, da wuya a rasa ɗan kasuwar da ya sa dukiyarsa wajen karatun likita na ɗansa ko na ƙanensa a ƙasar waje. Wasu yaran gwamnati ce ta ba su gurbi suka tafi Kuba ko Maroko ko Aljeriya, wasu kuma iyaye ne suka sayar da buhunan wake da shanu suka tura su Sudan ko Masar ko Rasha ko Sin. Shekara 6 ko 7 ana aika kuɗi, ranar dawowa a yanka rago. To amma abin da ke biyo bayan walimar ba kasafai ake zancensa ba, shi ya sa muka ga ya kamata mu taɓo shi.

Abu na farko dai, takardar da yaro ya zo da ita ba ta ba shi izinin duba marar lafiya nan take. A Nijeriya sai ya zauna jarrabawar hukumar kula da likitoci ta ƙasa, in ya ci ya nemi gurbin horon shekara 1 a babban asibiti, sannan bautar ƙasa. A Nijar ma sai an tantance takardar, ya yi rajista da ƙungiyar likitoci, kuma da dama sukan yi aikin sa-kai a asibitoci suna jiran ranar da gwamnati za ta ɗauki ma'aikata. Akwai kuma waɗanda yaƙi ya katse wa karatu: na Yukren a 2022, da na Sudan da aka kwaso cikin motoci bayan faɗa ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023. A wannan zaman jira ne gwiwar yaro kan yi sanyi, yana ganin sa'o'insa da suka tsaya kasuwa sun yi aure sun gina gida, shi kuwa ana ce masa dokta amma kuɗin kabu-kabu sai an ba shi.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Kuba ta rabu da zazzaɓin cizon sauro tun 1973, Maroko a 2010, Aljeriya a 2019, Sin a 2021, Masar a 2024. Ke nan wanda ya yi karatu a waɗannan ƙasashe galibi a littafi ya san cutar da ta fi cika asibitocinmu. Sai ga shi watan Satumba ya same shi a ɗakin yara na wani asibitin gunduma, yara biyu ko uku bisa gado ɗaya, wannan yana jijjiga, wancan jininsa ya ƙare, ga tamowa ta haɗu da zazzaɓi. Na'urorin da ya saba da su babu, wutar lantarki tana zuwa tana tafiya. Majo, wato shugaban malaman jinya, wanda bai taɓa hawa jirgin sama ba, da ya ɗaga fatar idon yaro ya san ko yana bukatar ƙarin jini.

A nan hanya take rabuwa biyu. Wani ya ɗauki abin ƙasƙanci, ya soma neman biza ya koma. Ba mu zarge shi ba, don albashin can da na nan ba a haɗa su. Wani kuwa ya ajiye girman takarda ya zauna kusa da majo da ungozoma ya sake koyo, kuma a iya abin da muka gani wajen aikin rediyo a karkara, irin wannan ne kan daɗe a bakin aiki da ransa a sake.

Dalili kuwa shi ne yana da abin da baƙon likita ba ya da shi, wato harshe. Idan tsohuwa ta ce jikanta na da shawara, ɗan gida ya san kalmar ta ƙunshi cututtuka iri-iri da ke sa ido ya yi rawaya, sai ya bi ta da tambaya. Idan magidanci ya ce basir ke damunsa ko sanyi, ya san ba lalle abin da littafi ya kira da wannan suna ake nufi ba. Ya san mai cikin fari ba za ta buɗe baki gaban surukarta ba saboda kunya, ya san kuma kafin a zo wurinsa an biya ta wurin wanzami da mai tallar magani a kasuwa, kuma in ya yi faɗa a kan haka ba za a sake gaya masa gaskiya ba. Ilimin da ya ɗauko waje sai ya bi ta wannan ƙofa kafin ya kai ga marar lafiya.

Wanda ke ganin aikin ƙauye ba ya kai mutum ko'ina, ya dubi Babbar Ruga ta Katsina. Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zo can a farkon shekarun 1980 don aikin kuturta, sai ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, mazansu sun guje su. Ya sa kansa koyon ɗinkin, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci da dama, har aikin ya ƙetaro zuwa Damagaram da Maraɗi. Shi da ya zo da harshen aro ke nan. A Danja kusa da Maraɗi an buɗe cibiyar masu yoyon fitsari a 2012, a Sakkwato kuma akwai asibitin masu cutar noma, wadda ke cin fuskar yara, tun 1999. Duk wuraren nan hannu suke nema.

Saura mu iyaye da yayye masu biyan kuɗin karatu. Ɗan kasuwa ya saba in ya zuba jari ya ga riba kafin kaka ta zagayo, shi ya sa wasu ke matsa wa yaro ya buɗe kilinik ko kantin magani tun bai samu lasisi ba. Wannan haɗari ne ga marasa lafiya, kuma yana iya jawo wa yaron hukuncin da zai rufe masa ƙofar aikin gaba ɗaya. Wanda ya iya ɗaukar nauyin shekara 7, ya ƙara lissafin shekara 2 ta jarrabawa da horo tun daga farko. Kafin a biya kuɗin kowace jami'a kuma, a je hukumar likitoci ta Nijeriya ko ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai a tambaya ko suna amincewa da takardarta, a karɓi amsar a rubuce, kada a tsaya ga maganar dillalin da ya kawo fom.