Mai juya kaset da ƴar na'urarsa

A ƙarƙashin gado, ko cikin adaka tare da zannuwan da aka daina ɗaurawa, gidaje da yawa a ƙasar Tasawa da Mayahi suna ajiye da kaset ɗin bidiyo. Bikin aure ne a ciki, ko suna, ko tarbar alhaji, ko kokowar da aka naɗa daga Télé Sahel, ko gaisuwar da ɗan ci-rani ya aiko daga Kano. Wasu daga cikin fuskokin sun riga mu gidan gaskiya. Injin kallon kaset ɗin ya daɗe da mutuwa, kuma sabo ba zai zo ba: Funai, kamfanin Japan da ya rage yana ƙera shi, ya tsayar da aikin a watan Yulin 2016, shekara 40 bayan JVC ya fito da VHS a 1976.

A nan ne mai juya kaset ya samu abin yi. Yawanci matashi ne da ya fara da tura waƙoƙi da fina-finai a memori, ko mai ɗaukar biki da kyamara, sai wata dattijuwa daga Urafane ta zo da kaset ƙunshe a leda ta ce, "Ɗana, ka fitar mini da fuskar mahaifinsu, yaran nan ba su san shi ba." Shi kuma ya ce, "To Hajiya, sai dai ki bar shi zuwa kasuwa mai zuwa." Ba ja mata rai yake yi ba. Kaset ba ya yarda da gaggawa. Wanda aka rubuta wa E-180 awa uku ne, kuma awa uku cur zai yi yana juyawa kafin ya shiga kwamfuta, ba a hanzarta shi.

Kayan aikin ba su da yawa: injin kaset, kwamfuta, igiyoyi uku masu launin rawaya da fari da ja, sai ƴar na'urar da ke tsakani, wadda ke karɓar hoto daga injin ta mayar da shi abin da kwamfuta za ta gane. Masu sana'ar suna ce mata kati, ko da kuwa ba cikin kwamfutar ake soka ta ba, ta kafar USB take shiga. A kanta ne sabon shiga yake ɓata lokacinsa da kuɗinsa, kuma a ganina a nan aka fi yaudararsa.

Mafi arha ita ce EasyCap, wadda a kasuwannin intanet ba ta cika kai jika goma ba. Matsalarta ita ce sunan ba na kamfani ɗaya ba ne. Kwali iri ɗaya, roba baƙa iri ɗaya, amma abin da ke ciki ya bambanta: wata da STK1160, wata da UTV007, wata da EM2860, wata kuma da wani abin da ko faifan da aka haɗo ta da shi bai san shi ba. Sai mutum biyu su sayo a shago ɗaya, ta wannan ta yi aiki, ta wancan kwamfuta ta ƙi ganinta. Faifan manhajar sau da yawa na zamanin Windows XP ne ko Windows 7, shi ya sa tsohuwar kwamfuta kan fi sabuwa zama lafiya da ita. Akwai waɗanda suka fi ta suna, irin su Hauppauge USB-Live2, da GV-USB2 ta kamfanin I-O Data, da ta Elgato. Kuɗinsu ya ninka nata sau da yawa, amma aƙalla mai saye ya san abin da ya saya.

Kada lambobin da ke jikin kwali su ruɗi kowa. Ko an rubuta 1080p ko 4K, kaset ɗin VHS bai wuce layi 240 na tsabtar hoto ba, kuma ana ɗaukarsa ne a ma'aunin 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Abin da ba ya cikin kaset, babu katin da zai ƙirƙiro shi. Haka kuma ƙananan katunan HDMI da suka cika kasuwa yanzu ba na wannan aiki ba ne. Suna da amfani ga mai watsa tafsiri ko taro kai tsaye a Facebook daga kyamarar zamani. Idan aka tilasta su kan injin kaset ta hanyar wani akwatin juyi, sau da yawa hoton miƙewa yake yi, amarya ta fito gajera mai faɗi, danginta su ce ba ita ba ce.

Sai babbar tambaya, wadda mai ba da shawara daga Amurka ko Ingila ba zai tuna da ita ba, domin shi ba a bakin iyaka yake zaune ba. Talabijin ɗin Nijar ta da tana kan tsarin SECAM ne irin na ƙasashen da Faransa ta mulka, ta Najeriya kuma PAL. Mu nan kaset ɗinmu ta ɓangarori biyun suka shigo. Fina-finan Hausa da suka bazu daga Kano tun bayan fim ɗin Turmin Danya a 1990, waɗanda dillalan kasuwar Ƙofar Wambai suka riƙa lodawa zuwa Maraɗi da Damagaram, duk PAL ne, haka ma yawancin kyamarorin ɗaukar biki. Amma abin da aka naɗa daga Télé Sahel, ko kaset da ya fito daga Faransa, SECAM ne. Idan injin ko katin bai san SECAM ba, hoto zai fito, amma fari da baƙi. Mai sana'a da bai san wannan ba sai ya ce wa mai kaya launin ne ya ƙone saboda tsufa, alhali launin na nan lafiya lau. Saboda haka duk wanda zai sayi kati don aiki a Urafane ko Tasawa, ya tafi da kaset biyu a jaka, na Kano da na Yamai, ya nemi a gwada a gabansa. Idan mai shago ya ƙi, ya bar masa kayansa.

Da wani zai ba ni jika hamsin ya ce in kafa wannan sana'a, kaso mafi tsoka kan injin kaset zai tafi, ba kan kati ba. Kati mai tsada a bayan injin da kansa ya ci ƙura banza ne. A nemi injin da aka rubuta wa PAL da SECAM a goshi, irin waɗanda alhazai da ƴan kasuwar Dubai suka riƙa shigowa da su, a kai shi wurin tsohon mai gyaran rediyo ya canza masa robar da ta saki. Ana goge kan injin da ke karanta zaren kaset da farar takarda da aka jiƙa da sinadarin goge na'ura, ba da auduga ba, domin auduga kan maƙale ta karya shi. Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gaba ta farko, ta biyu zafin ɗakin kwano, ta uku laimar damina da ke sa farin fumfuna a gefen zaren. Kaset mai fumfuna idan ya shiga inji ba a share shi ba, zai shafa wa duk wanda ya biyo baya. Kuma kafin a saka kowane kaset, a ɓalle ɗan harshen robar da ke bayansa, don ko hannu ya kuskure ya danna naɗa, ba za a goge bikin mutane ba.

Wuta kuma magana ce mai zaman kanta. Yankin Maraɗi ya dogara ne da layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru da Najeriya ta katse wutar a watan Agustan 2023. A karkara ma ba sai an yi rikicin ƙasashe ba. Ɗaukewar wuta ta minti ɗaya a awa ta uku na iya lalata aikin yini, ko ta sa injin ya tauna zaren. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da batirinta, amma injin kaset ba shi da shi, don haka faifan sola da batir da inbata suna cikin jari, ba ado ba ne.

Gyaran hoton shi ne sashe mafi sauƙi. Manhajojin VirtualDub da OBS Studio kyauta ne. Abu biyu ne ke bambanta gwani da ɗan koyo. Na farko, murya ta tafi daidai da baki: idan kwamfuta ta gaza tana zubar da hotuna, kafin a kai ƙarshen kaset sai a ga liman ya shafa fatiha tuni amma muryarsa na kan huɗuba. Maganin shi ne a rufe duk wata manhaja ta daban yayin ɗauka. Na biyu, a gyara zanen da ke fitowa a gefen duk abin da ya motsa, kamar haƙoran matsefi, wanda ya samo asali daga yadda tsohuwar talabijin ke raba kowane hoto gida biyu. Gwani yakan ba da kwafi biyu: babba don ajiya, ƙarami don WhatsApp. Wanda kaset ɗinsa ƙaramin nan ne na MiniDV, ba ya buƙatar kati irin wannan ko kaɗan. Kafar FireWire zai nema, hoton ya wuce yadda yake, kimanin gigabayit 13 a kowace awa.

Akwai abin da ba a saye a kasuwa. Kaset ɗin biki yana shiga har ɗakin amarya, yana nuna matan mutane suna rawa tsakaninsu ba mayafi, a lokacin da ba wanda ya yi tunanin hoto zai iya yawo a waya. Mai juya kaset yana ganin wannan duka. Idan ya bar kwafi a kwamfutar da yara ke tura fina-finai da ita, gobe a tsinci uwar wani a memorin ɗan kabu-kabu. A gari kamar Urafane, inda kowa ya san gidan kowa, mutum ɗaya ya isa ya rufe shagon. Masu hankali suna goge komai a gaban mai kaya bayan sun miƙa masa nasa.

Ku kuma masu kaset a adaka, ku kai a juya muku tun injinan da suka rage suna motsi. In an gama ku karɓi kaset ɗinku, kada ku yar, ku jera shi a tsaye a wuri mai sanyi, sannan ku ba wani ɗan uwa a wani garin kwafi ɗaya ya ajiye.