Tantance Baƙin Manhajoji Masu Tashi Tare da Kwamfutar Tafi-da-gidanka

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, akwai manhajojin da ke tashi da kansu, su ci gaba da aiki a bayan fage ba tare da mai na'urar ya buɗe su ba. Wasunsu na babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ne, wasu kuwa sun shigo ne tare da abubuwan da aka girka daga baya. Manazarcin da kundinsa da hirarrakin da ya naɗo suke cikin na'ura ɗaya yana iya faɗawa cikin ɗayan kurakurai biyu: ya bar manhajar ɓarna tana aiki don bai lura da ita ba, ko ya goge mai amfani don kawai sunanta baƙo ne a wurinsa. Wannan maƙala ta yi bayanin inda ake samun waɗannan manhajoji da yadda ake gane asalinsu kafin a yanke musu hukunci.

2.0 Inda Ake Samun Su

A kwamfutar da ke amfani da Windows, tun daga Windows 8 ta shekarar 2012 aka sanya jerin masu tashi da kansu a cikin Task Manager, wanda ake buɗewa ta danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Jerin yana nuna sunan manhaja da kamfanin da ya yi ta da irin nauyin da take ɗora wa na'ura yayin tashi. Sai dai bai ƙunshi komai ba, domin wasu suna tashi ne ta Task Scheduler ko ta sashen Services. Manhajar Autoruns, wadda Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka ƙirƙiro a ƙarƙashin Sysinternals kafin Microsoft ya saye shi a 2006, tana tattaro su duka a shafi guda.

A kwamfutocin Apple kuwa, tsarin launchd ne ke kula da wannan aiki tun 2005. Umarnin tayar da manhajoji da dama yana cikin ƙananan fayiloli a foldar LaunchAgents ko LaunchDaemons. Daga macOS Ventura ta 2022, na'urar ta fara sanar da mai ita duk lokacin da aka ƙara wani abu, tare da jera su a sashen Login Items. Wannan sauyi ne ya sa mutane suka fara ganin sunayen da suka daɗe a na'urorinsu ba su sani ba.

3.0 Dalilin Baƙuntar Sunaye

Sau da yawa sunan da ke fitowa a jeri ya sha bamban da wanda mai kwamfuta ya saba da shi. A macOS, akan nuna sunan wanda ya buga wa manhajar hatimin dijital, kuma yana iya zama sunan kamfani ko na mutum ɗaya. Fayilolin umarni kuma ana raɗa musu suna ne da adireshin intanet na kamfani a juye. Wanda ya fara da com.google, alal misali, yana da'awar cewa na Google ne. A Windows akwai sunaye irin su ctfmon, wanda ke taimaka wa shigar da rubutu da sauya harshen allon bugawa. Haka nan Keyman, manhajar ƙungiyar SIL da ake amfani da ita wajen buga haruffa masu ƙugiya kamar ɓ da ɗ da ƙ, tana tashi ne tare da kwamfuta. Wanda ya kashe ta cikin rashin sani zai wayi gari yana buga “kasa” a gurbin “ƙasa”.

4.0 Matakan Tantancewa

Bahaushe idan ya yi baƙo yakan nemi sanin garinsu da mai masaukinsa da abin da ke tafe da shi. Tambayoyin nan uku sun wadatar a nan ma.

Ta farko ita ce mazaunin fayil. Manhajojin ɓarna sukan ari sunan na gaskiya, amma da wuya su zauna a gurbinsu. Ainihin svchost na Windows yana cikin foldar System32. Idan aka tarar da mai wannan suna a foldar ajiyar wucin gadi, akwai abin dubawa.

Ta biyu ita ce hatimi. Ana duba bayanan fayil a ga ko yana ɗauke da ingantaccen hatimin dijital, da kuma sunan mai shi. Rashin hatimi bai isa hujjar ɓarna ba, amma dalili ne na ƙarin bincike. Autoruns tana iya tambayar shafin VirusTotal game da kowane fayil, inda manhajojin kariya da dama ke ba da sakamakonsu.

Ta uku ita ce aikinta. Akwai masu sabunta manhaja, da masu kula da sauti ko firinta, da masu kwafe fayiloli zuwa intanet irin su OneDrive da Dropbox. Na ƙarshen nan suna cin data da batir, amma su ne ke adana kwafin kundi idan na'ura ta lalace ko ta ɓata.

Idan an kammala binciken, abin da ya dace shi ne a dakatar da manhaja ɗaya tak, a sake kunna kwamfutar, a lura da abin da ya sauya. Dakatarwa tana da gyara, domin ana iya mayar da manhajar bakin aiki nan take. Idan an tabbatar ba a buƙatarta, sai a cire uwar manhajar gaba ɗaya ta hanyar da aka tanada, tunda goge fayil ɗin umarni kaɗai yakan sa ta sake rubuta shi.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa baƙuntar suna ba ta isa a yanke hukunci a kanta ba, sai an haɗa da mazauni da hatimi da aiki. Ya kamata manazarci ya adana kwafin ayyukansa a wani wuri kafin ya taɓa komai, ya kuma riƙa duba jerin duk lokacin da ya girka sabuwar manhaja ko ya karɓo na'urarsa daga wurin gyara.